Yadda ake wayarin gida da haɗa akwatin bireka ba tare da an jawo gobara ba

Tambayar yadda ake wayarin gida da haɗa akwatin bireka ta yi yawa, musamman daga masu gini da suka kai matakin wayarin, sai kuma waɗanda birekarsu ke ta faɗuwa kullum suna neman a faɗa musu lambar da ta fi girma su saka su huta. To bari in jero abin daki-daki. Amma a riƙe wannan tun daga farko don duk sauran bayanin a kansa yake: bireka ba don kai aka yi ta ba, ba kuma don firij ɗinka ba, don waya aka yi ta. Aikinta kawai ta yanke wuta kafin wayar da ke cikin bango ta yi zafin da robarta za ta narke. Abin da ke hana wuta ta ja mutum ta kashe shi daban ne, wato atin, wayar da ke kai wutar da ta zube cikin ƙasa, da RCCB, na'urar da ke yanke wuta in ta fara zuba, za mu zo kansu.

Kuma ba ina cewa ka ɗauki filaya ka yi da kanka ba ne. So nake in mai wayarin ya zo ka san abin da za ka tsaya a kai, don yawancin ɓarnar ana yin ta ne mai gida na tsaye yana kallo bai san me ake yi ba.

1. Lissafa kayan wutar gidan

Kafin a sayi ko da tef ɗaya, zauna da takarda ka bi ɗaki-ɗaki, fitilu nawa, fanka nawa, soket nawa, ina za a sa AC, ina firij da firiza, akwai hitar banɗaki, akwai famfon rijiyar burtsatse, uwargida da wuta take girki ko da gas. Ka haɗa har da abin da ba ka saya ba tukuna amma kana da niyya, fasa bango bayan an yi fenti ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Kowane kaya akwai wat ɗinsa a rubuce a jiki. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, saboda haka in ka raba wat da 230 ka samu amf ɗin da yake ja. Misali dutsen guga mai wat 1,200, butar dafa ruwa mai 2,000, da murhun lantarki mai 1,500, in ka haɗa 4,700 ke nan, wajen amf 20 da ɗan kai. Soket ɗinmu mai baki uku kuwa amf 13 aka yi shi ya ɗauka, kusan wat 3,000.

Gargaɗi: wannan lissafin shi ke nuna maka dalilin da ya sa ekistenshan ke narkewa a kicin, an jona masa kaya uku masu zafi alhali duk da bakinsa huɗu ko shida, ta filogi ɗaya mai amf 13 yake shan wuta. Inda ka san za a yi ta jona kaya, ƙara soket a bango tun yanzu.

2. Zaɓi mai aikin

Hukumar da ke duba aikin wuta ta kuma ba masu wayarin takardar shaidar ƙwarewa ita ce NEMSA, dokar 2015 ta kafa ta, ƙa'idojin aikin kuma suna cikin dokokin NESIS da NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki, ta fitar a 2015. Ka tambayi mai aikin takardarsa, babu abin kunya a ciki. Za ka buƙace shi ma daga baya, don in ka je neman a ja maka wuta da mita a kamfanin raba wuta, KEDCO ko Kaduna Electric ko JED ko YEDC ko AEDC, ya danganta da jiharka, ana neman mai lasisi ya sa hannu cewa shi ya yi wayarin ɗin.

Bayan takarda, ni abin da nake kallo shi ne jakar kayan aikinsa. In testa mai fitila da filaya kaɗai ya zo da su, ba malitimita, ba ya da na'urar gwada robar waya kuma bai san inda zai aro ba, to wannan mai jona waya ne kawai. Ku yi ciniki a rubuce, yawanci kan poyin ake lissafin kuɗin aiki, wato kowace fitila ko soket ɗaya, sannan a raba biyan gida uku, bayan bututu, bayan jan waya, sauran kuma sai an yi gwaji. Kar ka biya kason ƙarshe kafin gwaji ko da ɗan uwanka ne.

3. Sayen waya

Nan ne mafi yawan kuɗin ke tafiya, nan ne kuma aka fi cutar mutane. Farashin waya yana bin dala da farashin tagulla, na wannan watan ba shi ne na watan gobe ba, don haka ka ɗauki jerin kayan ka zaga shago uku a rana ɗaya ka kwatanta, kuma ka je da kanka ko ka tura wanda ka yarda da shi tare da mai aikin.

Ga kaurin da ya dace da kowane layi da birekar da ke tafiya da shi. Fitilu da fanka, waya 1.5mm da bireka amf 6 ko 10. Soket, waya 2.5mm da bireka amf 16 ko 20. AC da hitar ruwa, kowanne layinsa shi kaɗai tun daga akwati, ƙaramin AC zai zauna a 2.5mm da amf 20, amma daga mai ƙarfin doki biyu zuwa sama ko in layin na da nisa a sa 4mm. Murhun lantarki babba 6mm da amf 32. Wayar da ta taso daga mita zuwa akwati kuwa 16mm in babbar birekar amf 63 ce.

Akwai salon da ake zagayo da wayar soket 2.5mm ta fita daga bireka ta bi soket-soket ta dawo cikin birekar, shi ne ake sa wa amf 32. Yana cikin ƙa'ida, amma sharaɗin sai zagayen ya cika, kuma sau da yawa za ka tarar an sa 32 ɗin alhali waya ɗaya ce ta fita ba ta dawo ba. Wannan ita ce wayar da ke dahuwa a bango bireka na zaune lafiya lau ba ta faɗi ba.

Wani abu da ya shafe mu a Arewa, ƙarfin da ake rubuta wa waya an auna shi ne a zafin digiri 30, robarta kuma iyakarta digiri 70. Ka tuna yadda cikin silin ke zama ƙarƙashin kwano a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu. Wayar da ta bi ta nan ba za ta ɗauki abin da za ta ɗauka a wuri mai sanyi ba, saboda haka in ana shakka tsakanin kauri biyu a ɗauki babban.

Gargaɗi: jabun waya ya cika kasuwa. Wata alminiyam ce aka shafa mata ruwan tagulla, ka kankare bakinta da wuƙa, in ciki fari ne ka ajiye. Wata an rubuta 2.5 amma robar ce mai kauri ƙarfen ciki siriri, wata kuma an ce mita 100 ce a naɗin amma ba ta kai ba. Ɗaga naɗin ka ji nauyi, ta tagulla na da nauyi. Kamfanonin gida irin su Coleman da Cutix da Nigerchin da Kabelmetal suna buga sunansu da kauri a jikin wayar, ka duba da tambarin SON, hukumar kula da ingancin kaya, amma fa har sunan nasu ana kwaikwaya, gara ka saya wurin dilansu ka karɓi rasit. Arha dai ba ta ado.

4. Bututu da jan waya

Waya a cikin bututun roba take tafiya, 20mm ko 25mm, ba a binne ta tsirara a siminti. Bututun ya tafi a miƙe, ko sama da ƙasa ko a kwance, kar a yanke hanya a karkace don a rage tsawo, saboda ranar da wani zai buga ƙusa ya rataye labule zai ɗauka wayar a saitin soket ko makunni take. Ka ɗauki hoton kowane bango da wayarka ta hannu kafin a yi filasta, ka ajiye.

Kar a cusa waya a bututu har sai an shafa sabulu ana ja da ƙarfi, robar na gogewa kuma zafi ba ya samun wurin fita. Kowane layi waya uku ne, layif mai kawo wuta da nutiral mai mayar da ita da atin, har layin fitila da fanka. Da yawa suna tsallake ta atin a fitilu wai ɓarnar kuɗi ce, alhali jikin fanka ƙarfe ne.

Launi ma a kiyaye. Wanda muka saba, ja layif, baƙi nutiral, kore ko kore da rawaya atin. Sabon tsari kuma ruwan ƙasa layif, shuɗi nutiral. Hatsarin shi ne a tsohon tsarin layi uku, wato inda layif uku ke shigowa gida, ja da rawaya da shuɗi, shuɗin nan wuta ce a jikinsa. A zaɓi tsari ɗaya a gidan gaba ɗaya kar a gauraya.

Makunni layif yake yankewa ba nutiral ba. In aka juya, fitila za ta mutu dai amma wuta na nan a mazaunin ƙwan, mai canza ƙwai ya sa hannu ta ja shi. Soket kamar santimita 45 daga ƙasa, makunni wajen 120. Ba a sa soket a banɗaki, makunnin hita ma a waje yake zama kuma mai yanke layif da nutiral tare. Na kicin a nisanta shi da wurin wanke-wanke. Wayar da za ta bi ƙasa zuwa shagon ƙofar gida ko famfo, mai sulken ƙarfe ake sawa a binne ta da zurfin aƙalla rabin mita.

Gargaɗi: duk haɗin waya a cikin akwatin haɗi ake yi da kwanekta mai sukuru, a wurin da za a iya buɗewa. Murɗa waya biyu a naɗe da baƙin tef a jefa cikin silin shi ne asalin gobara da yawa, haɗin na saki a hankali, ya riƙa tartsatsi, ga katako ga busasshiyar ƙura, kuma bireka ba ta ganin irin wannan zafin don amf ɗin bai wuce ƙima ba.

5. Haɗa akwatin bireka

Shi ne wanda masu aiki ke kira DB. Wurinsa inda hannu zai kai cikin duhu ba sai an nemo tsani ba, amma sama da inda yara za su taɓa, kamar mita ɗaya da rabi. Ba banɗaki ba, ba saman murhu ko kusa da tukunyar gas ba, ba bayan wadirob ba. Ka sayi mai gurbi fiye da buƙatarka, in layi takwas gare ka ɗauki mai goma sha biyu.

Jerin kayan ciki daga inda wuta ta shigo: babban makunni mai yanke layif da nutiral tare, sai na'urar da ke yanke wuta in ta yi ƙarfi ko ta yi rauni fiye da kima, wadda a irin wutarmu ni ban ɗauke ta a kayan ado ba, sai RCCB, sai ƙananan bireka kowacce da layinta. Nutiral duk su taru a sandarsu, atin su taru a tasu daban, kar a haɗe su a cikin akwatin. Waya ɗaya a bakin bireka ɗaya, a ɗaure sukuru tam, a ja wayar a ji ba ta motsi. In layi uku aka ja maka a raba nauyin daidai, kar AC duka su taru a layi ɗaya.

Ka koyi karanta jikin bireka. In ka ga C20, amf 20 ce, harafin kuma na nuna saurin faɗuwarta in wuta ta yi tsalle, B ta fi saurin faɗuwa, C na jure fizgar da injin AC ko firiza ke yi lokacin tashi. Lambar 6000 da ke cikin ɗan akwati kuma ƙarfin wutar da za ta iya yankewa ne in waya ta haɗu.

Yanzu RCCB, wadda wasu ke ce wa ELCB. Ita tana auna wutar da ta fita ta layif da wadda ta dawo ta nutiral, in ta ga bambanci ta san wuta na zuba wani wuri, wataƙila ta jikin mutum, sai ta yanke nan take. Ka duba an rubuta 30mA ko 0.03A, ita ce ta kare rai. Mai 100mA ko 300mA don gobara aka yi su, kar a sayar maka da su a madadinta. Bireka ta amf 20 ba za ta ko motsa ba don wuta na bin jikin yaro, abin da ke kashe mutum bai kai ko amf ɗaya ba. In da hali a sa RCCB biyu a raba gidan, don in ɗaya ta faɗi da dare kar ko'ina ya yi duhu.

Gargaɗi: bireka mai yawan faɗuwa magana take maka, ko kaya sun yi yawa a layin ko akwai matsala. Cire ta amf 20 a sa ta 40 a kan waya 2.5mm daidai yake da korar mai gadi don ya cika tashinka da dare. Haka RCCB, in tana faɗuwa musamman da damina, a nemo dalilin, yawanci ruwa ne ya shiga fitilar waje, ko hita ta fara lalacewa, ko an ari nutiral na wani layi, ko nutiral na taɓa atin. Kar ka yarda a tsallake ta da waya. Fis ɗin da ke wajen mita ma in ya ƙone ba a ɗaura masa waya mai kauri.

A ƙarshe a rubuta sunan kowane layi a ƙarƙashin birekarsa, falo, kicin, AC ɗin ɗakin maigida, famfo.

6. Atin

Sandar tagulla ake kafawa a ƙasa, mafi ƙanƙanta ƙafa huɗu, amma a busasshiyar ƙasa mai yashi irin tamu gara ƙafa shida zuwa takwas, ko a kafa biyu ko uku a haɗe su, tsakaninsu da tazarar aƙalla tsawon sandar. A nemi gefen gidan da ke da danshi. Waya 10mm ko 16mm kore da rawaya ta taso daga sandar atin ta akwati zuwa sandar da aka kafa a ƙasa, a ɗaure ta da maƙalin tagulla ba murɗawa ba, a yi wa wurin ɗan rami mai murfi don a riƙa dubawa.

Gawayi da gishiri da aka saba zubawa suna taimakawa da farko, sai dai gishirin na cin ƙarfe kuma ruwan sama na wanke shi, bayan wasu shekaru ka tono ka tarar maƙalin ya ruɓe. Akwai yumɓun bentonayit da ake sayarwa don wannan aikin, ya fi daɗewa. Sandar ma akwai jabu, ƙarfe ne da aka fesa wa launi. A auna atin ɗin da na'ura, iya ƙanƙantar lambar iya kyansa, kuma awon rani shi ne na gaskiya don da damina kowane atin kyau yake nunawa.

Gargaɗi: ba a ɗaura atin a bututun ruwa ko na gas ko rodin gini da ya leƙo.

7. Canjoba, janareta da inbata

Canjoba tana zama ne kafin akwatin bireka, wutar NEPA a gefe, janareta a gefe, kuma ta yanke layif da nutiral duka. Ƙarfinta ya kai na babban makunni.

Gargaɗi: kar a taɓa yin wayar nan mai filogi biyu a soka janareta a soket ɗin bango. Wutar na komawa kan layi, ta bi ta taransifoma, ma'aikacin da ya hau falwaya yana ganin an ɗauke wuta ita za ta kashe, in kuma aka kawo wuta janaretan ya lalace. Janareta a waje yake kwana nesa da taga, hayaƙinsa na kashe mutane cikin barci.

Masu layi uku da ke zare fis da hannu suna canza layi in ɗaya ya yi rauni, a sayi makunnin zaɓen layi a huta, hannu a cikin fis da dare ba abin wasa ba ne. Kuma a riƙa duba nutiral ɗin da ya shigo gidan, in ya saki a tsarin layi uku wuta kan haura ta doshi bolt 400 ta ƙone duk abin da ke jone.

Inbata a ware masa ƙaramin akwatinsa, fitilu da fanka da talabijin, ban da guga da hita. Tsakanin batir da inbata a sa fis ko bireka ta DC kusa da batirin, ta wutar gida ba ta aiki a nan.

8. Gwaji kafin a saki wuta

Wuta a kashe, kaya a cire. A gwada cewa wayar atin ta isa kowane soket ba ta yanke a hanya ba. A gwada robar waya da na'urar mega a bolt 500, kar ta gaza megaom 1, sabon aiki mai kyau ma ya kan wuce haka sosai. A tabbatar layif da nutiral ba su juye ba, in kana kallon fuskar soket atin ne a sama, layif a dama, nutiral a hagu. Sai a kunna babban makunni, a ɗaga bireka ɗaya bayan ɗaya ana dubawa. A danna maɓallin T na jikin RCCB, dole ta faɗi nan take, kuma ka riƙa danna shi duk bayan wata uku. Mai aikin ya rubuta maka sakamakon da zanen layukan ya sa hannu, da su za ka nemi mita.

Gargaɗi: duk mai taɓa waya ya kashe babban makunni ya kuma gwada da malitimita, "ai an ɗauke wuta" ba kariya ba ce, ana iya kawowa kowane lokaci, ga inbata ma na nan a kunne. In wuta ta kama mutum kar ka taɓa shi, kashe makunni ko ka ture shi da busasshen katako. Gobarar wutar lantarki ba a zuba mata ruwa, a yanke wutar tukuna a yi amfani da abin kashe gobara mai hoda ko yashi, a kira 112.

9. In tsohon gida ne ko na haya

Ba sai an fasa bango gaba ɗaya ba. Fara da buɗe akwatin a kwatanta lambar kowace bireka da kaurin wayar da ke ƙarƙashinta, duk wadda ta fi ƙarfin wayarta a sauke ta. A ƙara RCCB in babu, a duba ko akwai atin na gaske. Sai ka zaga da hanci da ido, soket da ya yi baƙi ko yake zafi in ka dafa, warin roba, fitila mai rawa in firij ya tashi, ƙarar tsit-tsit a makunni, firiza ko famfon wanka mai ɗan jan hannu, kowanne a kashe layinsa har sai an gyara. A sake ɗaure sukurorin akwati don suna saki da shekaru, a leƙa silin a ga ko ɓera ya ci roba. Lokacin da ya fi dacewa da wannan dubawar shi ne kafin hunturu ya shigo, don a sannan ne kowa ke jona hitar ruwa da asuba a lokaci guda kuma komai a bushe yake. In gidan haya ne ka sanar da mai gidan a rubuce, ku daidaita a cire kuɗin gyaran daga na haya.